Garson Arɗo Hamajam

Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya, hannuna kuwa har yau bai gama sabawa da biro ba. Labarin dai na bincika shi da kyau kafin in rubuta.

Malam Wada maharbi ne, mazaunin unguwar Pumpumre a Garwa. Kowace shekara yakan sabunta takardar izinin farauta, wadda muke kira permi, ya ɗaure bindigarsa a bayan babur, ya nufi dajin gwamnati da ke kudu da kogin Binuwai. Idan rani ya yi tsanani, yakan bi sawun gada da gwanki har ya gano kududdufin da bai ƙafe ba. Nan yake kafa bukka ya jira rabonsa.

Damuwarsa guda ce: shanun Arɗo Hamajam. Da zarar ya zauna, sai ya hango jajayen shanu masu dogayen ƙahoni sun ɓullo. Ruwa ya zama taɓo, namun daji su tsere.

Wada ba mai son fitina ba ne. Ya ga maharban da suka harbi saniya don fushi suka ƙare a hannun jandarma, don haka shi ya zaɓi hanyar mutunci. Kafin ya kafa bukka yakan biya ta ruga ya ja wa Arɗo kunne, ya kwatanta masa inda bai yarda a shiga ba, don kada gobe a ce kuskure ne. Arɗo kan shimfiɗa masa buzu, a kawo kindirmo, ya yi ta ba shi haƙuri. Duk da haka shanun sai sun zo.

Ɗanmalam mahauci, ƙanin matarsa Dela, shi ya warware masa zancen. Ya ce makiyaya suna da mutumin da suke kira garso, wanda ke yin gaba ya nemo ruwa da ciyawa kafin garke ya tashi.

“Na Arɗo Hamajam kuwa, yaya, duk kasuwar shanu zancensa ake yi,” in ji Ɗanmalam. “Ba a san fuskarsa ba, amma bai taɓa kai su busasshen wuri ba.”

Daga ranar Wada ya ƙara garso cikin abubuwan da yake farauta. Ya riƙa ɓoye babur a nesa yana tafiya bisa duwatsu. Ya riƙa share sawunsa da reshe. Ko Dela ya daina gaya mata inda za shi. Ya hau bishiyar kawo ya yini yana dube-dube, har ƙudan zuma suka sauko da shi ba shiri, amma bai ga ko inuwar mutum ba.

A gida kuma haƙuri ya ƙare. “Malam,” in ji Dela, “maƙwabta suna jin ƙamshin miyata, sun san daddawa ce zalla. Gidan maharbi! Bana idan ka dawo da jaka wofi, ka rataye bindigar nan ka kama wuƙa a rumfar Ɗanmalam.”

Wada ya amince, domin ya riga ya samo abin dogaro: wani ruwa mai sanyi a tsagin duwatsu, kewaye da ɗanyar ciyawa, wanda ba a shigarsa sai ta wata siririyar hanya. Ya tabbata babu garson da zai gano shi. Ya je ruga ya yi gargaɗinsa, wannan karon da kakkausar murya, sannan ya nemi a fito masa da mutumin su yi magana ido da ido.

Arɗo ya sunkuyar da kai. “Malam Wada, mutum ne mai gaskiya, ga saurin fushi. Mu ma lallaɓa shi muke yi. Ƙara nono.”

Wada ya koma bakin ruwan ya kafa bukka. Wani babban gwanki ya fara sabawa da wurin, Wada yana jiran ya matso, sai ya ji kukan jaki da na maruƙa ta siririyar hanyar nan. Gwanki ya ɗaga kai, ya juya, ya tafi abinsa.

Wada ya cika alkawari. Ya rataye bindiga, ya ɗaura gyauton mahauta, bai ko sabunta permi ba. Ranin da ya biyo baya yana rumfa yana yankan nama, yana jin mahauta na ƙorafin cewa shanun Arɗo sun rame bana.

Ana cikin haka sai ga Arɗo da kansa a bakin rumfa, janye da rago, riƙe da ƙwaryar man shanu. Ya ce daji ya yi musu duhu tun da Malam ya bar shi. Ya roƙe shi ya koma, ya ce ɗawainiyar permi da harsashi duk ya ɗauke masa.

Hawaye suka cika idon Wada. Ya gaya wa Dela cewa ashe makiyayi ma ya san nadama. Dela ta dubi ragon, ta ce ai shi ke nan, a sauka lafiya. Yanzu haka yana daji, kuma ya rantse bana sai ya kama garson nan.

Inda na ɓata harafi ko na karkata magana, ina roƙon masu ilimi su gyara mini, zan karɓa da godiya. Abu guda ne ba ya bukatar gyara, domin daga bakin Arɗo na ji shi a kasuwar shanu: tun da tsohon garsonsu ya rasu ba su ƙara tura kowa neman ruwa ba, zama suke yi su jira Malam Wada ya zo ya gaya musu inda kada su je.