Lafiyar Wayar Ƙalau

Kwana uku Aziza ba ta ɗaga kiran Musaddiq ba, wai wayarta ta ƙi caji. Yau da kanta ta kawo masa ita rumfarsa ta gyaran waya a kasuwar Haɗeja.

Ya haska bakin cajin, ya zura allura ko ƙaiƙayin shinkafa ne ya toshe shi. Babu komai. Yana jonawa ta kama.

"Lafiyarta ƙalau, Aziza."

"Na sani." Idonta na ƙasa. "Sakamakon gwajin aurenmu ya fito. Ni ma AS ce, irinka."

Musaddiq ya bi kayan gyaransa da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Can ya zare cajar.

"Bar ta a nan," ya ce a hankali. "Ki dawo gobe, zan sake dubawa."