Miyar Gidan Karvelas

Shekara ashirin da shida Manoli ya yi yana yanka albasa a shagon ubansa a birnin Detroit na Amurka, kuma ko sau ɗaya bai taɓa leƙa ɗakin baya ba.

A garin nan hot dog ba komai ba ne in babu miya. Burodi da sosej kowa na da su. Miyar niƙaƙƙiyar zuciyar shanu da ake kwararawa a kai, a bi ta da mastad mai ɗan yaji da ɗanyar albasa, ita ke raba gwani da ɗan koyo. Ta tsoho Thanasi Karvelas, uban Manoli, kuwa, ma'aikatan kamfanonin mota har bakin titi suke yi mata layi. Shi kaɗai ke shiga ɗakin baya da safe, ya kulle ƙofa, ya fito da tukunya tana tururi, rigarsa fes.

"Baba, yaushe za ka koya mini?"

"Sai ka iya yanka albasa, jaki. Dubi wannan, sai ka ce da gatari ka sare ta."

Manoli ya haɗiye. Ƙanensa Lefteri bai iya haɗiya ba, yana da shekara goma sha tara ya ɗauki jakarsa ya bar gida, tsohon ko ɗaga kai bai yi ba. Manoli ya yi murna a ransa, don gado ya zama nasa shi kaɗai. Stavrula, budurwarsa, ta jira shi shekara shida, ta gaji ta auri wani likitan haƙori. Gashin Manoli ya zube, gwiwoyinsa suka fara ƙara. Ko farar motar da ke kawo kaya ta ƙofar baya kowace Litinin ba a yarda ya sauke mata kaya ba, tsohon ne ke tarbarta da kansa.

Ran wata Alhamis Thanasi ya yanke jiki ya faɗi a gaban masu ciniki. Miyar da ta rage ba za ta kai Asabar ba, in kuwa ya mutu da sirrin a cikinsa, shagon ya mutu.

A asibiti Manoli ya durƙusa bakin gado yana kuka, rabi don uba, rabi don miya. Tsohon, baki a karkace, ya nuna makullin da ke rataye a wuyansa.

"Aljihun tebur. Akwai takarda," ya ce da ƙyar. "Kai mai haƙuri ne, ɗana."

Karo na farko ke nan da ya yabe shi. Manoli ya sumbaci hannunsa, ya fita da gudu.

Ɗakin baya bai kai yadda ya zata ba. Ƙaramin murhu ɗaya, babbar firiza, fararen bokitai jere babu rubutu a jikinsu. Babu injin niƙa nama, babu ko gwangwanin yaji. Ya ja aljihun tebur. Lambar waya ce kawai a takardar.

Ya kira. Bugu biyu aka ɗauka, ta can yana jin ƙarar manyan tukwane da hayaniyar ma'aikata.

"Manoli ne, ɗan Karvelas. Sirrin miyar nake nema."

Wata murya da ya shekara ashirin bai ji ba ta yi 'yar dariya.

"Ashe tsohon ya kwanta. Lefteri ne, yaya. Ni ya ba sirrin ranar da na tafi, ni nake dafa muku ita tun lokacin, farar motar nan ke kai muku. Ya ce kada a faɗa maka, don kana sani za ka ajiye wuƙar ka tafi."