Mayaƙan Murfin Kwalba

Ranar wani magidanci ne ke gadin jingar da ta tare kogin Haɗeja daga unguwarsu, amma ya sulale gida bayan la'asar, don abokan wasansa na jiransa a waya.

Ya shimfiɗa taswirar kwali a ƙasa, ya jera murfin kwalba a kai, kowanne mayaƙi guda. Shi ke tsara yaƙin. Da ya kewaye rundunar abokan da dodanni, abokinsa na Ingila ya yi ihu da Turanci ta waya.

"Me ya ce, Maigida?" in ji matarsa, tana jijjiga jaririyarsu.

"Wai sun zama gasasshen burodi. Haka samarin can ke cewa in tasu ta ƙare."

Ba ta yi dariya ba. "Wa ka bari a jinga?"

"Buhunan yashin jingar nan ba inda za su. Yanzu zan koma."

Sai mayaƙin da ke kusa da ƙofar ɗakin ya motsa, ba wanda ya taɓa shi. Na biyu ya juya a hankali, ya bi bayansa. Wani abu mai sanyi ya jiƙa gwiwoyin maigidan inda yake durƙushe. Rundunar duka ta taso tana nufo su, ruwa na ɗauke da ita.