Farautar Mai Kumfa

Ƙa'ida ta durƙusa a tsakiyar falon, ta goga tafin hannunta a kan kafet ɗin, ta ɗago. Hannun ya yi danƙo. Ba sai an gaya mata ba, Mai Kumfa ya riga ta zuwa nan ma.

Ƙa'ida ba sunanta na yanka ba ne. Abokan sana'a ne suka laƙaba mata, don ba ta buɗe baki sau biyu ba ta ce "a ƙa'ida" ba. Ita kuma ta raɗa wa Mai Kumfa nasa, mutumin da ba ta taɓa gani ba amma ta san aikinsa kamar yunwar cikinta. Garin sabulun wanki yake zazzagewa, ya kwara ruwa da bokiti, ya dirje da buroshi mai tauri, ya yi gaba. Bayan mako gashin kafet ya ƙage, ƙura ta manne, ƙasan ya yi fumfuna, falo ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar safa.

Har ta gano bahago ne, daga yadda sawun buroshin yake kewayawa. Ita ma bahaguwa ce, shi ya sa ta gane, shi ya sa kuma abin ya fi ƙona mata rai. Bai tsaya ga ɓata sunan sana'a ba, har da na bahagwai.

Abin haushin, ya ɓullo ne daidai lokacin da tauraruwarta take haskawa. Ta yi wani dogon bidiyo a kan wankin kafet, ta bi komai daki-daki, abin da ake yi da wanda ba a yi. Ƙaninta Auta, wanda yake tuƙa mata motar aiki, furfura a gemu amma har yau Auta, ya ce, "Yaya, mutanen yanzu ba sa kallon wa'azi. Bari in ɗan rage masa kitse." Ya rage, ya ɗora a intanet, abu ya bazu kamar wutar daji. Ita ba ta kalla ba, don ba ta son jin muryarta a waya, tana yi mata kama da ta agwagwa. Yawan masu kallo kawai take tambaya. A kan wannan farin jinin ƙungiyar masu wankin kafet ta ba ta shugabancin kwamitin ladabtarwa.

Sai ga ɓarna gida-gida. Manyan otal suka fara cewa masu wankin kafet duk kanwar ja ce. A taron ƙungiya Ƙa'ida ta miƙe, ta bugi tebur, ta rantse za ta kawo mai wannan aika-aika kafin taro na gaba, a raba shi da sana'ar har abada, ko da ɗan da ta haifa ne. In ta kasa, ta sauka daga kujera. Aka yi mata tafi. Ta ji daɗin tafin fiye da yadda ya kamata.

Yanzu taro gobe ne, ko inuwar Mai Kumfa ba ta kama ba. Duk gidan da aka kira ta gyara, in ta tambayi wanda ya yi wankin farko, sai a kau da kai a ce, "Wani ne." Ba lamba, ba kwatance. Ta yanke hukuncin cewa ko dai yana yi musu barazana, ko kuma ɗan uwan kowa ne. Wani lokacin ya ɓata gida uku a rana ɗaya, a unguwanni masu nisa da juna. Lallai yana da mota, kuma ba ya cin abincin rana.

Mai gidan yau dattijo ne, matarsa ta yi tafiya, jibi za ta dawo. Yana tsaye yana murza hannu yayin da Auta yake shigo da injin tsotse ruwa.

"Baba, wa ya yi maka wannan ta'asar?"

"Wani ne, 'yata."

Ta zauna dirshan a kan kafet ɗin mai danƙo. Ta ce ba za a kunna inji ba sai ta ji suna, in ya so matarsa ta dawo ta tarar da falonta haka. Dattijo ya dubi ƙofa kamar matar tana bayanta. Gumi ya karyo masa.

"To, ki rufa mini asiri. Ni na yi da hannuna. Amma wallahi ba da ka na yi ba, koya mini aka yi. Duk maƙwabtana a wuri ɗaya muka koya."

Ashe ba ɓarna kawai yake yi ba, har makaranta ya buɗe! Ta zaro waya ta kira sakataren ƙungiya, ta ce ya tara mutane da wuri, ta kama babban kifi. Sannan ta ce wa dattijon ya nuna mata malamin nasu.

Ya laluba aljihu, ya ciro waya, ya gyara tabarau, ya yi ta latse-latse. Auta ya leƙa ta kan kafaɗarsa, ya ajiye tiyo a hankali, ya ce ya manta wani abu a mota.

"Ba a nuna fuska, amma ki ga ƙwarewa," in ji dattijo, ya miƙa mata.

An datse farkon, inda aka ce "ga abin da ba a yi." An datse ƙarshen, inda aka nuna gyara. Tsakiyar kaɗai aka bar wa duniya: hannun hagu sanye da zobenta yana kewayawa da buroshi cikin kumfa har gwiwa, wata murya irin ta agwagwa tana cewa, "Ku duba da kyau, ku ga yadda ake zazzaga sabulu."