Harsashi a Cikin Tarwaɗa

Tun da aka sayar da kogin, aka sa jirage marasa matuƙi suna harbin duk wanda ya shiga, masuntan Tungar Dole suka samo dabara. Harsashi mai tsini gudu gare shi, da ya daki ruwa sai ya tarwatse kafin kamu biyu. Shi ya sa kowa ke shiga da gora mai yawo a saman ruwa da igiya ɗaure a jikinsa, mai ƙulli a kamu uku. In ka nutse har ƙullin, ka tsira.

Ran Laraba Gwaggo Tabawa na gyaran tarwaɗa, wuƙarta ta ci karo da ƙarfe. Harsashi ne mai dakusasshen kai, ko lanƙwasa bai yi ba. Ita kuwa tarwaɗa can ƙasa cikin laka take kwanciya.

Ta ɗauki sandarta sai bakin kogi. Ta tarar da Barmo, wanda ya tsamo ɗanta Nomau bara da harbi a kafaɗa, yana ɗaura gora.

"Barmo, miƙo igiyar nan."

"Gwaggo, yau ke za ki nutse mana?"

Ta danƙa masa harsashin. "Sun sake samfuri. Wannan ba ya sauri, don haka ba ya fashewa. A cikin tarwaɗa na ciro shi."

Ta kwance ƙullin da sauran haƙoranta, ta auna kamu bakwai, ta sake ƙullawa.

"Numfashina ba zai kai nan ba, Gwaggo."

"Zai kai. Kai ka dawo mini da Nomau, ban manta ba. Wuce mu je kududdufin bayan gari. Ina ƙirga maka, sai ka kai ɗari a ƙasa kafin ƙafarka ta sake taɓa kogin nan."