Baƙin Tukunyar da Ke Cikin Kwamfuta

"Wa ya bar min kicin haka?"

Umma ce tsaye a bayan ɗanta, kofin shayi a hannu, ido a kan kwamfutarsa.

Ba kicin ɗinta ba ne. Ɗakin girki ne da ya zana don wasan bidiyo, gwajin ƙarshe kafin kamfani ya ɗauke shi aiki. Zanen farko sun dawo masa da shi, wai ya cika tsafta, kamar ba a taɓa dafa ko ruwan zafi a ciki ba. Sai ya duƙufa ƙara dauɗa: baƙi a gindin tukunya, maiƙo a bango, jiƙaƙƙen soso a bakin famfo.

"Auta!" Umma ta ƙwala wa ƙanwarsa kira. "Zo ki ga aikinki!"

"Wallahi na wanke, Umma!"

"Kin wanke? To tukunyar ce ta shafa kwalli?"

Dariya ta taso masa tun daga ciki, har kujera na rawa. Idon Umma da ke hango ƙura a saman firji daga bakin ƙofa, yau ya ruɗu.

"Umma, zane ne fa. Yanzu zan aika musu."

"Ka aika wa baƙi wannan ƙazantar? Ba daga gidana ba."

Ta ajiye kofin, ta kama bakin mayafinta, ta hau dirzar tukunyar a jikin gilashin kwamfutar. Shi kuwa ya zura hannu ta ƙarƙashin gwiwar hannunta, ya aika.