Kukan Tsohuwar Arica

Doña Ercilia ta ajiye jakar Yorman a bakin ƙofa, ta ɗora kaskonsa na gasa arepa, wainar masarar ƙasarsu, a kai, don kada ya samu hujjar dawowa.

Shekara biyu yana haya a ɗakin baya. Shi ke gyara mata famfo, shi ke kai ta asibiti a babur, kuma duk layin sun san bayan Kirsimeti zai auri 'yarta Ninoska, mai aiki a shagon haɗa tallan rediyo. Aibinsa ɗaya: ɗan Venezuela ne, ba shi da takarda.

Gab da zaɓe wani saƙon murya ya zaga wayoyin garinsu, Iquique. Wata tsohuwa ce daga garin Arica, tana kuka tana jan majina, wai ta ba ɗan Venezuela ɗaki, ya kwaso danginsa, yanzu a tashar mota take kwana. Doña Ercilia ta saurara har ta haddace inda tsohuwar ke shaƙewa. Ta tura wa matan coci kaf, ta dangwala wa jam'iyyar Gida Namu, masu alkawarin korar marasa takarda da hukunta duk wanda ya ba su makwanci. Suka kuwa lashe zaɓen, har a unguwannin da ba su taɓa leƙawa ba.

Yorman bai yi musu ba. Ya ce gara ya kai kansa kan iyaka da a jefa shi jirgi da ankwa. Ya tsaya dai a ƙofa, yana jiran Ninoska ta gama roƙo.

Ninoska da ke sa mutane ƙwarewa da shayi saboda dariya, tun zaɓe ba a ga haƙorinta ba.

"Mama, ƙarya ce fa. Babu wata tsohuwa."

"Ke dai namiji ya juya miki kai. Ni da na binne miji za ki koya wa kuka? Irin wannan ba a ƙirƙirarsa, yarinya."

Ninoska ta dubi Yorman, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ranƙwafa, ta ja majina, ta buɗe baki, sai ga muryar tsohuwar Arica a tsakiyar falo, har da shaƙewar, sak yadda ta karanto ta a takarda wata rana a shagonsu, mai shagon yana tafa mata.